Yadda Ake Haɗa Kwaɗon Zogale da Dafaffiyar Kabewa Domin Ƙananan Yara

A garin Gombe kayan lambu ba sa wuya, musamman da rani, lokacin da manoman ban-ruwa na Dadin Kowa suke cika kasuwanni da karas, tumatir, albasa da alayyafo. Abin da yake sa yaro ya ture kwanon ganye yawanci bai wuce ɗaci, yaji da kaushin ganyen da bai nuna ba, kuma dukkansu a madafa ake maganinsu.

Kwaɗon zogale shi ne mafi dacewa a fara da shi, tunda yara sun saba ganin manya suna ci. Da farko a samu ɗanyen zogale, a tsince shi tsaf, a cire siraran tsinkayen da ke jikin ganyen, domin su ne suke maƙalewa a haƙori har yaro ya tofar da lomar gaba ɗaya. Wannan aiki yana cin lokaci, amma shi ne rabin girkin. A wanke da ruwa mai tsabta, a zuba a tukunya da ruwan da zai rufe shi kawai, a dafa har sai ganyen ya murje idan an matsa shi tsakanin yatsu biyu. Kada a jefa kanwa don neman sauri, saboda tana lalata wasu daga cikin bitamin ɗin da ake nema. Idan ya nuna a tsiyaye ruwan, wanda zai tafi da yawancin ɗacin, sannan a matse ganyen a daddatsa shi ƙanana.

Daga nan sai a koma kan ƙuli-ƙuli. A zaɓi marar yaji, a kuma shinshina shi kafin a saya, domin gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗaukar guba mai illa ga hanta. A daka shi a turmi, a tankaɗe da rariya don kada a bar tsaki, a dama garin da ruwan ɗumi har ya yi kauri kamar kunu. Manya suna son ɗanyar albasa a kwaɗo, amma kaifinta yana korar yara, don haka a soya ta sama-sama da tumatir a cikin cokali ɗaya na man gyaɗa har ta yi laushi. Man yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A da ke cikin ganyen. A haɗa duka a juya, a sa gishiri kaɗan, a ɗiga lemun tsami, wanda yake taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. A ɗebi rabon yara kafin a barbaɗa yaji a na manya.

Kabewa kuwa ba ta da wahala, kuma zaƙinta yana sa yara su karɓe ta da wuri. A fere ta tare da karas, a yanka ƙanana, a turara a madambaci na kimanin minti 20, a murƙushe da bayan cokali, a zuba ɗan man shanu ko manja. Jaririn da ya cika wata 6 zai iya cin wannan, sai dai ba a sa masa gishiri ko magi kafin ya shekara. Guntayen ɗanyen karas da ƙwayar gyaɗa kuma a hana yaron da bai kai shekara 5 ba, don suna iya shaƙe shi.

Wajen ci, cokali biyu a gefen shinkafa ko dambu ya isa, kuma ya fi kyau uwa ta ɗiba daga kwano ɗaya yaron yana kallo. Idan ya ƙi, kada a yi masa ɗure ko tsawa. A sake gwadawa bayan kwana biyu, domin wani yaron sai ya ɗanɗana sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya saba da shi. A riƙa haɗa kwaɗon daidai cin lokaci ɗaya, saboda a zafin Gombe wanda aka haɗa da rana yakan yi tsami kafin magariba.