Babi na Bakwai: Tsohon Gida ko Sabon Gida?

Magidancin da ya shafe shekaru yana biyan kuɗin haya, ko uwargidan da ta tara kuɗin adashi ta haɗa da abin da ta samu na gado, duk ranar da suka yi niyyar sayen gida, dillali zai kai su wurare iri biyu. Zai nuna musu tsohon gida a cikin gari, kamar a Yakasai ko Gwale ko Fagge idan a Kano ne, sannan ya ɗauke su zuwa bayan gari, wajejen Ɗanbare ko Rijiyar Zaki ko Mariri, ya nuna musu sabon gini mai ƙamshin fenti wanda ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Mafi yawan mutane zuciyarsu takan karkata ga sabon nan take. Shawarar da wannan babi yake bayarwa ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya fara duba tsohon da idon basira, domin tsohon gida ya riga ya nuna halinsa, sabo kuwa bai ga damina ko ɗaya ba, kuma Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ginin da ya sha damina

Idan aka ce tsohon gida, ana iya nufin ginin ƙasa na tubali da azara, ana kuma iya nufin ginin bulo da siminti na shekarun 1970 da 1980, irin rukunin gidajen Kundila a Kano ko gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina a jihohi zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. Ginin ƙasa ba abin rainawa ba ne. Gidan Makama na Kano ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, babban masallacin Juma'a na Zariya kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a ƙarni na 19, da ƙasa da azara. Kaurin bangon ƙasa yana tare zafin rana da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, abin da ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya yi sai an haɗa masa da fanka, fankar kuma sai da wuta. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai ginin ƙasa yana son kulawa irin ta mai rai: a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a share rufin soro kada ciyawa ta yi saiwa a kai. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima duk shekara ba, gara ya nemi na bulo.

Lokacin da ya fi dacewa a je duba gida shi ne tsakiyar damina, watan Yuli ko Agusta, kuma washegarin ruwa mai ƙarfi. A ranar ne mai saye zai ga inda rufi yake yoyo, da inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida, da kuma ko kwatar gidan tana fitar da ruwa zuwa magudanar layi ko kuwa ruwan layin ne yake shigowa. Wannan batu na ƙarshe ya fi damun tsofaffin unguwanni, saboda duk lokacin da aka yi ciko ko aka ɗaga titi, gidajen da suka daɗe sukan koma ƙasa da hanya. A durƙusa a taɓa gindin bango. Idan yana da danshi, ko ya yi fari kamar kanwa yana marmashewa, to ruwa yana hawowa daga ƙasa. A ƙwanƙwasa bangon ƙasar da aka yi wa fulastar siminti, domin siminti ba ya manne wa ƙasa sosai, yakan rabu da ita ya ɓoye danshi a bayansa, kuma amon wurin da fulasta ta rabu da bango ya bambanta da na wuri mai lafiya. Siririyar tsaga a fatar fulasta ba ta cika zama abin tsoro ba, amma tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana buɗewa, alama ce ta harsashi yana zama. A nan sai a ɗauko magini wanda ba shi da alaƙa da dillali, a biya shi kuɗin ƙafa ya faɗi gaskiya.

A tambayi nisan rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya suna son a sami kimanin mita 30 tsakaninsu, wanda a cikin gari da wuya a samu, saboda haka ruwan irin wannan rijiya ya tsaya ga wanki da shara. Tsofaffin wayoyin lantarki kuwa, a ƙiyasta kuɗin sauya su tun kafin a yi ciniki, a kuma nemi ganin takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, kada a gaji bashin da wani ya ci.

Abin da fenti yake rufewa

Sabon gida yana da daɗinsa, kuma babu dalilin musun haka: ɗakuna masu banɗaki a ciki, wurin ajiye mota, layi mai faɗi idan awon gwamnati ne. Matsalar ita ce da yawa daga cikin sababbin gidajen da ake tallatawa an gina su ne don sayarwa, kuma wanda ya yi gini don riba yakan rage inda ido ba ya kaiwa. Buhun siminti mai kilo 50 sai a buga bulo da shi fiye da ƙima, a sa bulo mai inci 6 inda ya kamata a sa mai inci 9, a rage rodi a cikin linta, a yi harsashi marar zurfi, a ɗora kwano marar kauri, sannan a lulluɓe duka da tayil da fenti da silin mai ado. Mai saye ba zai iya fasa bango ya duba ba, amma zai iya zagawa bayan katanga inda ba a yi fulasta ba, ya karci bulo da ƙusa. Idan yashi yana zuba cikin sauƙi, to ya sami amsarsa.

Abin da ya fi bulo muhimmanci shi ne ƙasar da aka ɗora ginin a kai. A Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yi gine-gine a kansu, wasu filayen kuma fadama ce ko hanyar ruwa, waɗanda da rani suke a bushe kamar kowane fili. Dillali ba zai faɗa ba, amma tsofaffin unguwa sun sani. Mai saye ya yi sallah a masallacin layin, ya zauna da dattawa, ya tambaye su abin da yake wurin shekara goma da suka wuce. Ya ɗaga kai ya duba ko manyan wayoyin lantarki sun bi ta saman gidan, ya tambaya ko an shata titi ta wurin, domin a filayen awon igiya, waɗanda masu gonaki suke yankawa da kansu, ana yawan cin hanya, kuma ranar da hukumar tsara birane ta zo da jan fenti, mai gidan ne zai yi asara.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin ciniki. A sabuwar unguwa sau da yawa mazauna ne suke karo-karo su sayi taransifoma da falwaya, su haƙa rijiyar burtsatse, su yi cikon hanya, su biya 'yan sintiri. Ga kuɗin mota kullum zuwa kasuwa da makarantar yara. A tsohuwar unguwa akwai masallaci da Islamiyya da asibitin sha-ka-tafi, akwai maƙwabtan da za su fito da tsakar dare idan naƙuda ta kama mace ko aka yi rasuwa. Wannan ma dukiya ce, ko da yake ba a rubuta ta a takardar ciniki.

Takardu da magada

Babban haɗarin tsohon gida ba a bango yake ba, a wurin masu shi yake. Da yawa gidajen gado ne, kuma ɗaya daga cikin magada, ko da shi ne babban wa, ba shi da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa ba da yardarsu ba. Dole a san adadin magadan gaba ɗaya, har da matan da suke aure a wani gari da marayun da ba su balaga ba, a ga takardar rabon gado daga kotu, kowane mai haƙƙi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A mazhabar Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a, wato idan gida na tarayya ne ba a raba ba, wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Saboda haka sayen kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba sayen shari'a ne.

A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ne yake ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99, kuma ana bukatar amincewarsa kafin a mayar da mallakar ga wani. Idan gidan yana da wannan takarda, a je hukumar filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika ko sunan da yake jiki na mai sayarwa ne, ko an jinginar da ita a banki, ko ana bin kuɗin ƙasa. Gidajen cikin birni da yawa ba su da ita, sai takardun cinikin baya da shaidar mai unguwa da dagaci. A karɓi waɗannan tsofaffin takardu duka, a rubuta sabuwa mai ɗauke da iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, da kuɗin da aka biya, da ranar da za a ba da makulli idan akwai 'yan haya a ciki. Aya ta 282 a suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, kada ya ji kunyar cewa a karanta masa takardar a bayyane, kuma wanda zai karanta ya zama nasa ne.

Aikin aji

Ga misali don gwada lissafi. An yi wa wani tsohon gida kuɗi naira miliyan 9, magini ya ce sauya kwano da wayoyi da gyaran masai zai ci miliyan 2 da rabi. Wani sabon gida kuma miliyan 12 ne, ga kuɗin jawo wuta da haƙa rijiya miliyan 1, ga ƙarin kuɗin mota naira 1,500 kullum. An daidaita da dillali a kan la'adar kashi 5 cikin 100 na kuɗin gida. Kowane ɗalibi ya fitar da jimillar abin da za a kashe a kan kowane gida a shekarar farko. Bayan haka ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, su rubuta takardar ciniki a littafinsu da iyakoki huɗu da shaidu biyu, su kawo wa malami ya duba a zama na gaba.