Yadda ma'ajin ƙungiya zai riƙe kuɗin jama'a: abin da na koya daga Anders Borg

Wannan rubutu na waɗanda aka ɗora wa nauyin ma'aji ne a ƙungiyoyinmu na nan Sakkwato, ko ta manoman albasa, ko ta 'yan kasuwar Kara, ko ta tsofaffin ɗalibai. Aikin akanta na yi har na ajiye, kuma abin da na gani da idona shi ne ba sata ce ke kashe yawancin ƙungiyoyi ba. Kuɗi kan shigo a shekarar daɗi a cinye su tas, shekarar wuya ta zo ta tarar da asusu fayau. A kan wannan matsala na daɗe ina bibiyar aikin wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Suwidin, Anders Borg.

An haife shi a 1968. Yana matashi ya yi aikin ba da shawara a ofishin Firayim Minista Carl Bildt, daidai lokacin da ƙasar ta faɗa cikin rikici: bankuna suna durƙushewa, giɓin kasafin kuɗi ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, har a watan Satumba na 1992 babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 500 cikin 100 don kare darajar kuɗinsu, bai kuma yi nasara ba. Daga nan Borg ya yi aiki a bankuna da babban banki, ya zama babban masanin tattalin arzikin jam'iyyarsa, sannan a 2006 Firayim Minista Fredrik Reinfeldt ya naɗa shi ministan kuɗi yana ɗan shekara 38. Ya riƙe muƙamin har 2014. Mutane sun fi tuna shi da gashinsa da yake ɗaurewa a ƙeya da ɗan kunnensa, ni kuwa riƙon asusunsa ne ya ja ni.

Ba shi ya ƙirƙiro yawancin ƙa'idojin kasafin kuɗin ƙasar ba. Gwamnatin abokan hamayyarsa, ta Göran Persson, ita ta kafa su bayan wancan rikici. Ya zo ya tarar, bai rusa ba. Idan wanda ka gada ya bar tsari mai kyau, kai ma ka ci gaba da shi ko da ba kwa ga maciji.

Ka fara da jimilla, kafin kowa ya buɗe baki ya faɗi buƙatarsa. Tun 1997 majalisar Suwidin ke yanke iyakar abin da gwamnati za ta kashe, shekara uku gaba, sannan a raba wannan kuɗi zuwa fannoni 27. Duk wanda ke son a ƙara wa wani fanni, dole ya nuna inda za a rage. A ƙungiyoyinmu akasin haka ake yi. Shugaba ya ce a gyara ofis, sakatare ya ce a buga kalanda, wani ya ce a sayi injin ban ruwa, a tara duka, sai daga baya a juyo a tambayi ma'aji ko akwai kuɗi. Kai ka juya abin. A taron farko na shekara ka zo da littafin shige da fice na shekaru ukun da suka wuce, ka ɗauki shekarar da kuɗi suka fi ƙaranci, ka ce wannan ne ma'auninmu. A amince da jimillar, sakatare ya rubuta, a sa hannu. Bayan nan idan wani dattijo ya kawo buƙata, ba sai ka yi musu da shi ba. Ka ce, “Alhaji, buƙatar tana da kyau, wanne za mu cire mu sa ta?” Wannan tambaya ta fi ka ce a'a sauƙi, ta kuma raba ka da baƙin jini.

Sai rara. A zamanin Borg ƙa'idar ita ce idan aka haɗa shekarun daɗi da na wuya, gwamnati ta fita da rarar kashi 1 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa. Shekarunsa na farko an yi ta samun rara ana rage bashi. Da rikicin kuɗi na duniya ya zo, tattalin arzikin Suwidin ya ragu da wajen kashi 5 cikin 100 a 2009, amma ƙasar ba ta shiga halin bashin da Girka ta shiga ba, a 2010 kuma ta farfaɗo da kusan kashi 6. A 2011 jaridar Financial Times ta zaɓe shi gwarzon ministocin kuɗi na Turai.

Ƙaramar ƙungiya tana buƙatar fiye da kashi ɗaya, domin ba ta da wanda zai ba ta rance ranar wuya. Shawarata kashi 10 na duk abin da ya shigo, a cire shi ranar da ya shigo, a sa a asusu daban mai sa hannun mutum uku. Ku kuma rubuta tun yanzu abin da za a kira shekarar wuya: ambaliya ta cinye fadama, ko albasa ta ruɓe a rumbu, ko a rufe iyakar Illela kamar yadda aka yi a 2023 kaya suka tsaya. Bikin ɗan shugaba ba ya ciki. Idan wuyar ta zo kuwa, ku fitar da kuɗin ku taimaki mambobi, don ranar aka tara su. Tunda darajar naira na zaizayewa, na fi son a mayar da wani ɓangare gero ko taki a ajiye a inda mutum uku suka san adadin buhuna.

Kuɗin da ya shigo sau ɗaya, kamar gudummawar ɗan siyasa, kada ka ɗauki ma'aikaci mai albashi da shi. Gwamnatin Borg ta sayar da wasu kamfanoninta a 2008, kuɗin suka tafi rage bashi. Kai ma ka biya bashi, ko ka sayi abin da za a daɗe ana mora.

Abin da ya fi burge ni ya faru a 2007, lokacin da aka kafa majalisar masana mai zaman kanta don ta riƙa duba aikin ma'aikatarsa, Farfesa Lars Calmfors na shugabanta. Ta sha sukar sa a bainar jama'a. Ka nemi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni, ba kuma 'yan'uwanka ba, su duba rasit da takardar banki duk wata uku, su karanta abin da suka gani a gaban taro da bakinsu. Kai za ka roƙi a naɗa su, kada ka jira sai an fara ƙus-ƙus.

Ba komai na Borg nake yabo ba. Ya rage wa masu aiki haraji, ya kuma tsuke tallafin marasa aiki, amma lokacin da suka faɗi zaɓen 2014 rashin aikin yi na kusan kashi 8 cikin 100. Tsimi kullum a kan wani yake sauka. Kafin ka yanke wani abu daga kasafi, ka tambayi kanka wa zai ji a jikinsa. Idan tallafin marayun mamba ne a gefe ɗaya, lemo da naman taro a ɗaya gefen, lemon da naman za su fara tafiya.

Ranar da wa'adinka ya cika, ka miƙa littafi da rasit da takardar banki ta ƙarshe a gaban taro, a ƙirga buhunan da ke rumbu, sabon ma'aji da masu binciken nan biyu su sa hannu, kai ma ka riƙe kwafi ɗaya a gidanka.