Yadda Ake Tsare Gaɓar Kogi da Rayukan Jama'a a Filin Wasan Kiɗa na Bakin Ruwa

Filin da ke bakin kogi a tsakiyar birni yana jan hankalin masu shirya wasan kiɗa saboda faɗinsa da sanyin iskarsa, amma ƙasar da dubban mutane za su taka ruwa yana cinta dare da rana ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Don haka injiniyan ƙasa ya kamata ya riga kowa shiga filin, kuma layin da ya shata a matsayin iyakar ƙasa mai ƙarfi shi ne zai yanke wurin dandamali da yawan tikitin da za a sayar.

A fara da zagaya gaɓar a ƙafa, sau ɗaya lokacin da ruwa ya janye, sau ɗaya kuma bayan an tafka ruwan sama. Kogi ya fi cin gefen waje na kwana, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, yana tara yashi a gefen ciki. A duba ko gindin gaɓar ya rarake, ko saiwoyin itatuwa sun fito fili, ko ruwa yana tsattsafowa daga jikin gangaren. Alamar da ta fi ban tsoro ita ce tsagar da ta bi tsawon gaɓar daga sama, ko da siririya ce. Idan aka gan ta, a kafa turaku biyu, ɗaya a kowane gefenta, a riƙa auna tazararsu kowane mako. Da zarar tazarar ta ƙaru, wannan yanki ya fita daga lissafin fili. A kuma sani cewa gaɓa ta fi zabtarewa bayan ambaliya ta sauka da sauri, domin ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, ga shi ruwan da ke tokare da ita ya janye.

Gyara daga gindi yake farawa. Ana kwantar da gangaren ya zama aƙalla mita 2 a kwance ga kowace mita 1 a tsaye, a shimfiɗa yadin tace ruwa wanda ke hana ƙasa tserewa, sannan a jera manyan duwatsu ko kwandunan waya da aka cika da dutse, a binne layin farko ƙasa da zurfin da ruwa ke iya haƙewa. Sau da yawa ana tsallake yadin nan don rage kuɗi, kuma a ganina babu tsimin da ya kai shi muni, domin ƙasa za ta riƙa zurarewa ta tsakanin duwatsun har su nutse. Daga saman duwatsun kuwa tsirrai ne ke riƙe ƙasa, musamman ciyawar jema, wadda saiwarta kan nutsa mita 3 zuwa 4, sai dai tana buƙatar watanni kafin ta kama, shi ya sa ba a shuka ta ana saura makonni taro. Ruwan saman da ke gangarowa daga filin a tattara shi cikin magudana, a sauke shi kogi ta bututu mai shimfiɗar dutse a bakinsa. Dandamali, janareta da manyan motoci duk su tsaya bayan layin injiniya, saboda nauyi a leɓen gaɓa yana gaggauta zabtarewa.

Bayan an san ainihin ƙasar da ta rage, sai a lissafa mutane. Ma'aunin da aka saba shi ne mutum 2 a kowane murabba'in mita, kuma idan suka kai 5 an shiga haɗarin turmutsutsu. Littafin jagoran tsaron filayen wasanni na Birtaniya yana ƙiyasta cewa mutum 82 ne ke wucewa ta kowace mita ɗaya ta faɗin hanya a minti guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ke nan fili mai murabba'in mita 5,000 zai ɗauki mutum 10,000, kuma kwashe su cikin minti 8 yana buƙatar ƙofofin da jimillar faɗinsu ta haura mita 15. A sake lissafin kamar babbar ƙofar ta toshe. Abin da ya faru a wani taron kiɗa a birnin Duisburg na Jamus a 2010, inda mutum 21 suka rasu a hanyar da ta zama mashiga kuma mafita, ya isa hujjar raba hanyoyin biyu. Duk ƙofofin su fuskanci tudu, domin ɓangaren kogi ba mafita ba ne.

A wannan ɓangaren a kafa shinge mai jure turin jama'a, a bar fili tsakaninsa da ruwa wanda masu tsaro kaɗai ke shiga, a haskaka shi da fitilu masu wutar ko-ta-kwana, a rataye tayoyin ceto da igiyoyi, a kuma ajiye jirgin ceto da ƙwararrun masu ninƙaya a magangarar kogin, inda ruwa zai kai wanda ya faɗa. Gaban dandamali a rufe shi da daɓe ko faranti mai hana santsi. A taron kiɗa na Roskilde a Denmak a 2000, mutum 9 sun rasu a cunkoson gaban dandamali a kan ƙasar da ruwan sama ya mayar taɓo.

A rubuta sunan mutum ɗaya mai ikon dakatar da wasa, tare da sharuɗɗan da za su sa ya yi hakan ba tare da neman izinin kowa ba: tsayin ruwa a sandar awon da aka kafa a kogin, ƙarfin iska, da tsawa. A 2011 iska ta rusa rumfar dandamali a jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka rasa rayukansu. Idan aka tsaya saboda tsawa, a jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe, kuma kafin a sake buɗe ƙofa injiniya ya koma ya auna turakun nan biyu.