Gwada manhajar cinikin kuɗi kafin a damƙa mata jari

'Yan'uwa, duk wanda ya sayi manhajar da ke cinikin kuɗaɗen waje da kanta, ya fara gwada ta a kan tsofaffin farashi a Strategy Tester, wato sashen gwaji na dandalin ciniki mai suna MetaTrader 5. A raba tarihin gida biyu, a daidaita saiti da kashin farko, sannan a gwada shi a kan na biyu ba tare da an sake taɓa komai ba, domin manhajar da ta haddace farashin jiya takan durƙushe a sabuwar kasuwa. A sanya kamasho da tazarar saye da sayarwa cikin lissafi. Idan akwai faran, wato kuɗin ƙasar Suwizalan, a cinikin, lallai gwajin ya haɗa da 15 ga Janairu 2015, ranar da babban bankin ƙasar ya janye iyakar da ya sa cewa yuro ɗaya ba zai yi ƙasa da faran 1.20 ba, don a ga yadda manhajar za ta yi idan farashi ya yi tsalle kwatsam.