Goge haƙoran yara: inda iyaye suka fi yin kuskure

A gidaje da yawa a Tawa, goge baki aikin safe ne kawai. Yaro ya tashi, a miƙa masa buroshi da buta, ya ɗan cuccuɗa haƙoran gaba, ya rataya jaka ya nufi lakwal. Da dare kuwa sai ya sha kunu ko shayi mai sukari, barci ya kwashe shi a kan tabarma, a saɓa shi a kai ɗaki. Ga shi kuma dare ne lokacin da ɓarnar ta fi yawa. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna mayar da sukari ya zama sinadari mai tsami da ke cin bayan haƙorin, miyau ne ke wanke shi, miyau kuma raguwa yake yi in mutum ya yi barci. Abin da ake cewa "tsutsa ta ci masa haƙori" ke nan. Babu wata tsutsa.

Sau biyu ake so a yini, minti 2 kowane lokaci, amma in ɗaya ne zai kuɓuce, kada ya zama na dare. Kada a jira sai yaro ya fara gyangyaɗi. Wanda ke barci da wuri, a goge masa da zarar an kwashe kwanukan tuwo; manyan kuma a haɗa musu da alwalar lisha'i. Bayan nan babu abin da zai shiga baki sai ruwa. Al'ada ba ta kama yaro da tuni, tana kama shi ne in aka jingina ta da abin da ba ya tashi, a gidajenmu kuwa salla ba ta tashi.

Sai masu cewa "ai na famfara ne, za su zube". Haƙoran yarinta 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3, na can baya kuma sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi. Su ke riƙe wa na girma gurbi. Akwai kuma wani abu da ke shige wa iyaye duhu: wajen shekara 6, haƙorin tauna na dindindin yana fitowa a bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Ana ɗaukarsa na famfara, a bar shi ya yi kogo, alhali ba shi da magaji. Daga ranar da haƙorin farko ya leƙo ake fara gogewa.

Wa zai goge? Nan ma ana sakaci. Ɗan shekara 4 zai ƙwace buroshi ya ce "ni zan yi", uwa ta ji daɗi ta koma murhu. Hannunsa bai ƙware ba, tsotsar man kawai yake yi. A bar shi ya fara, don kada a kashe masa sha'awa, sannan babba ya ƙarasa, har ya kai shekara 7 ko 8. Ki zauna a tabarma, ya ɗora kansa a cinyarki yana kallon sama, ki ɗaga leɓensa da yatsa. Ki bi inda haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, waje da ciki da saman matauni. Malam, wannan ba aikin uwargida kaɗai ba ne. Yaron da ya ga ubansa tsugune a bakin rariya yana goge nasa ba ya bukatar dogon wa'azi.

Man goge baki kuwa, talla ce ta ɓata mu da cika buroshi fal. Ƙasa da shekara 3, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. A duba jikin kwalin a ga akwai sinadarin fulorid, aƙalla 1000 ppm (ma'aunin yawansa ke nan a cikin man), don shi ke ƙarfafa haƙori. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, kurkurewa na tafiya da maganin. Haɗiyewa ce ba a so. Wanda ya san abin da ruwa mai yawan fulorid ya yi wa ƙasusuwan yara a Tibirin Maraɗi zai iya tsorata da sunan, amma can shan ruwa ne na shekaru, ba ɗigon da ake tofarwa ba.

Asuwaki sunna ne, yana kuma aiki, sai dai hannun ƙaramin yaro ba ya kai shi lungu, kuma asuwakin ba shi da isasshen fulorid. A haɗa biyun. Gawayi, toka da gishiri suna kankare bayan haƙori, a bar su. Buroshi mai taushi, mai ƙaramin kai, kowane yaro da nasa; in gashinsa ya baje ko ya yi wata 3, a sake.

Ban ga amfanin bulala a nan ba, balle cewa "in ba ka goge ba likita zai cire maka da filaya". Ranar da ciwo ya zo da gaske, ba zai buɗe baki ba. Ku ba shi zaɓin launin buroshinsa, ku riƙa ƙirga haƙoran tare da shi da babbar murya.

Kuɗin kashewar lakwal ma a sa ido. Dala biyar ta alewa da safe, ta biskit da rana, ta lemun leda da yamma, kowace tana sabunta tsamin nan. Gara zaƙi ya zo tare da abinci lokaci guda.

In dasashi na jini, yawanci dauɗa ce ta taru, kuma daina gogewa ƙara ta yake yi. A ci gaba a hankali. Amma yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in bakinsa ya yi ɗoyi, dasashi ya yi gyambo, kumatu ya kumbura, to ba maganar buroshi ba ce. Yana iya zama cutar noma, wadda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Cikin kwanaki take cin fuska. A kai shi likita a ranar.