Yadda Ake Gwada Tankin Haɗa Magani a Kwamfuta Kafin a Kira Mai Walda

Ƙaramin kamfanin da ke haɗa maganin tari na ruwa ba ya da kuɗin ƙera tanki uku don ya ga wanne ya fi gauraya magani, balle na sayen manyan kwamfutoci. Hayar kwamfutocin ake yi ta intanet, a kwaikwayi yadda ruwa zai gauraya a tankin. SimScale, kamfanin da aka kafa a birnin Munich na Jamus a 2012, ta intanet ake shiga manhajarsa, lissafin kuma a injinansa yake gudana. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya ɗora OpenFOAM, manhajar lissafin tafiyar ruwa wadda kyauta ce, a kan kwamfutocin AWS, wato na hayar kamfanin Amazon, ya riƙa biyan kuɗin awa.

Fara da zanen tankin a fayil ɗin STEP, wato nau'in fayil na zanen injiniya. Share kusoshi da ƙananan kayan ado, domin ruwan ciki ake lissafawa, ba ƙarfen ba. Amma kada ka taɓa farfela da farantai huɗun nan da ke manne a bango, farantan ne ke hana ruwa juyawa wuri ɗaya.

Sai a yanka ruwan gida-gida kamar raga a cikin manhajar, a matse idonta kusa da fikafikan farfela.

A nan ake yawan faɗawa rami: kaurin ruwan. Sirof mai sukari ba ruwan famfo ba ne, kuma kaurinsa yana raguwa idan ya ɗau zafi. Auna naka a zafin da kuke aiki da shi, kada ka kwafo na wani. Da shi za ka fitar da lambar Reynolds, wadda ke nuna ko ruwa a hargitse yake ko a natse. Idan ta haura 10,000 ruwan a hargitse yake, tsarin k-epsilon, na lissafin hargitsin ruwa, zai yi. Idan ta gaza 10, a natse yake tafiya, ba ka buƙatarsa.

Saka saurin farfela, ka kunna. Idan ya gama, nemi lungunan da ruwa ya kwanta, musamman gindin tanki, ka ga daƙiƙa nawa haɗin ke ɗauka kafin gaurayar ta kai kashi 95 cikin ɗari. Ƙara matse ragar ka maimaita. Muddin amsa na canjawa, da sauran aiki.

Launukan allo suna da ruɗi. Zuba ruwan gishiri a tankin da kuke da shi, ka auna lokacin gaurayarsa da mitar auna gishirin ruwa, ka gwama da abin da manhajar ta ba ka. In sun yi hannun riga, koma kan kaurin nan.

Asusun kyauta na SimScale kowa na ganin aikin da ke cikinsa, don haka sirrin kamfani sai a na kuɗi. A AWS kuwa, kashe injin da zarar ka gama, mita ba ta barci.