Yadda ake ajiye ƙarin DuckDB a bokitin S3 don rarrabawa

Idan ka haɗa ƙari (extension, wato ƙaramar manhaja mai ƙara sabon aiki) naka na kanka ga rumbun bayanai na DuckDB, ba sai ka kunna sabar dare da rana ba kafin jama'a su same shi. Bokiti ɗaya (bucket, wato wurin ajiye fayiloli a intanet) a S3 na Amazon, ko R2 na Cloudflare, ya wadatar. Abin da DuckDB ba ya yafewa shi ne tsarin folda. Shi da kansa yake ƙirƙiro adireshin fayil, harafi ɗaya ya kuskure, shi ke nan, ba zai gan shi ba.

Da farko ka san sigar DuckDB da irin injin da aka gina ƙarin dominsu. Buɗe DuckDB ka rubuta PRAGMA version, sannan PRAGMA platform. Na biyun zai ba ka suna irin linux_amd64, linux_arm64, osx_arm64 ko windows_amd64. Kwafe shi yadda yake, kada ka rubuta da ka. Ƙarin da aka gina da C++ a ɗaure yake da siga guda: na v1.1.2 ba zai hau kan v1.1.3 ba, ko da bambancin ɗan gyara ne. Saboda haka kowace siga da kowane inji sai an yi musu nasu ginin.

A ce sunan ƙarin naka awo, bokitin kuma bokitina. Sai ka matse fayil ɗin da gzip -k awo.duckdb_extension, ya koma awo.duckdb_extension.gz, ka ɗora:

aws s3 cp awo.duckdb_extension.gz s3://bokitina/v1.1.3/linux_amd64/

Lura da ƙaramin v ɗin da ke gaban lambar. Shi ake yawan mantawa.

Yanzu maganar izini. Tun Afrilun 2023 sababbin bokitin S3 a rufe suke zuwa. In na kowa da kowa ne, buɗe izinin s3:GetObject kaɗai, ban da rubutu. In na cikin gida ne, a bar shi a rufe, kowane mai amfani ya saka makullinsa da CREATE SECRET, ya ba da KEY_ID da SECRET da REGION. Akwai tarko a nan: wanda ba shi da izinin ganin jerin fayiloli, in ya nemi abin da babu, S3 403 (ba ka da izini) yake mayar masa maimakon 404 (ba a samu ba). Sai mutum ya yi ta fama da makulli alhali sunan folda ne ba daidai ba. Duba adireshin tukuna.

A ɓangaren mai saukewa, adireshin https ko s3 yana buƙatar ƙarin httpfs, wanda ake samu daga ma'ajiyar DuckDB ta asali. Daga nan:

INSTALL awo FROM 's3://bokitina';
LOAD awo;

Saukewar za ta wuce lafiya, amma LOAD zai ƙi, domin DuckDB ba ya loda ƙarin da ba shi da sa hannun da ya sani. Dole a tayar da shi da duckdb -unsigned, ko a Python a saka allow_unsigned_extensions cikin config tun lokacin buɗe haɗin. Bayan ya tashi ba a iya kunna shi.

Wannan wajen ya cancanci tsayawa. Ƙari manhaja ce da ke gudana da cikakken ikon mai kwamfutar, kuma ka cire mai gadin ƙofa. Duk wanda ya samu makullin rubutu a bokitinka zai iya sa abin da ya ga dama ya gudana a injin mutanenka. Makullin rubutu ya zauna a wuri ɗaya, wajen na'urar da ke ginin, ba a laftof ɗin kowa ba. Kunna adana tsofaffin kwafi a bokitin don a iya komawa baya, kuma ka buga sakamakon sha256sum (lambar da ake tantance cewa ba a canza fayil ba) na kowane fayil a wani wuri dabam.

In ka ɗora gyara a kan siga ɗaya, masu amfani ba za su gani ba, don kwafin farko yana nan a ~/.duckdb/extensions kuma INSTALL ba ya sake saukewa. Su yi FORCE INSTALL awo FROM tare da adireshin. In akwai CloudFront (sabis ɗin Amazon mai riƙe kwafin fayiloli don saurin rarrabawa) a gaban bokitin, sai ka goge abin da ya riƙe, in ba haka ba tsohon zai ci gaba da bayarwa.

Masu DuckDB na cikin burauza fayil ɗinsu daban ne, mai ƙarewa da .duckdb_extension.wasm, a folda irin wasm_eh, kuma sai an saita CORS, wato izinin da ke barin burauza ta ɗauko fayil daga wani adireshi dabam, a bokitin. Batun kuɗi kuwa, S3 yana cajin bayanan da suka fita zuwa intanet, R2 ba ya caji, abin dubawa in masu saukewa suna da yawa.